Gurbi Ɗaya Zuwa Landan

Kwat ɗin ta aro ce, hannunta ma ya gaza, amma haka Munkaila ya sa ta ya shiga gaban kwamitin. Wani banki ne a Gana zai tura ɗan ƙasa guda Landan ya yi digiri na biyu a harkar kuɗi. Mutum biyu suka rage: shi da Bawah, abokinsa tun suna yara a Zangon Ayigya da ke Kumasi, wanda suka zauna ɗaki ɗaya a jami'ar Legon.

A zuri'ar su Munkaila babu wanda ya taɓa riƙe fensir kafin shi. Mahaifinsa, Baba Kimba, katako yake sayarwa a kasuwar Anloga, kuma tun rasuwar matarsa Munkaila kaɗai ya rage masa. Da aka ce Munkaila ne ya ci, tsohon ya yi hamdala, ya daɗe yana kallonsa.

"Landan ɗin nan, lori na zuwa?"

"Sai jirgi, Baba."

"To," in ji shi.

Ana cikin shirin tafiya gwamnati ta ba da umarni duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana. Zango ya hargitse. Mutane suna sayar da gado da tukwane a bakin titi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Baba Kimba, da ya zo daga Doso ta ƙasar Nijar shekaru da dama da suka wuce, ya karyar da katakonsa ya fara ɗaure kaya. Munkaila ya yi masa alkawarin aike duk wata. Tsohon ya ci gaba da ɗaurin kayansa.

Sai banki ya kira Munkaila. Sakataren kwamitin bai ma ba shi kujera ba.

"An shaida mana ba a Kumasi aka haife ka ba. A Doso ne, goye aka kawo ka. Gurbin na ɗan ƙasa ne."

Gaskiya ne. Kuma a duk abokansa mutum ɗaya ya taɓa faɗa wa. A bakin ƙofa masinja ya tabbatar masa: ya ga Bawah ya shiga ofishin ranar Talata.

Aka ba Bawah gurbin. Munkaila ya mayar da kwat ga mai ita. Ko abinci ya kasa ci. Da ya koma gida ya tarar mahaifinsa ya riga ya ɗaure masa littattafansa a buhu, ya ɗinke bakin da kyau.

Ranar tafiya tasha ta cika maƙil. Baba Kimba ya hau lori da wuri, ya ajiye buta a gefensa don kada wani ya zauna. Munkaila na miƙa buhu sama sai ga Bawah, idonsa jajir.

Munkaila ya ci kwalarsa.

"Kwano ɗaya muka ci da kai. Da ka ce kana so, wallahi da na bar maka."

Bawah bai yi ƙoƙarin ƙwacewa ba.

"Na shiga ofishin, ban musa ba. Na roƙa a bar maganar, har na durƙusa, aka ce in ban je ba za a ɗauki wani a kan hanya."

"Wa ya ce?"

Bawah ya ɗaga kai ya dubi lorin.

"Tafinta kawai na yi, Munkaila. Ka san Baba Kimba ba ya jin Turanci."