Tafkin da Aka Ƙi Buɗewa

Kana tambaya ta ko masu riƙe da mulki suna iya ɗaga ranar zaɓe don su gyara wa kansu zama. Ni ban shiga zuciyar kowa ba, amma ga misali, ka auna da kanka.

An yi wani gari mai tafki guda. Al'adarsu, da damina ta ɗauke sai a rufe shi, ba mai jefa ko ƙugiya, har zafin bazara ya janye ruwan ya dawo iya ƙugu. Sannan Sarkin Ruwa ya sa ranar su, wato ranar da gari duka ke faɗawa kamun kifi, 'yan garin da ke neman abinci a nesa kuma su dawo dominta. In an fito daga ruwa, kowane namiji ya ɗauki goran da ya yi iyo a kansa, ya ajiye gaban wanda yake so ya riƙe tafkin baɗi. Wanda gorunan gabansa suka fi tsibi, shi ne Sarkin Ruwa.

Matar Sarkin Ruwa na lokacin tsohuwa ce mai ɗa guda, ɗan kuwa yana can kudu yana aiki a ƙarƙashin wani, ba ya ganin gida sai ranar su. Ita babu ruwanta da sarauta. Abin da take jira duk shekara shi ne ta gan shi ya fito daga tafki da taɓo har wuya, tarwaɗa na fizge-fizge a hannunsa, yana yi mata dariya da wushiryar nan tasa. Tun ana sanyi ta daka yaji, ta ɓoye daddawar da ta fi kyau, ta sauko da goransa daga rataya ta shafe shi da mai kada ya tsage. Kewarsa ta kai in ta ji motar kasuwa ta tsaya a bakin gari, sai ta sami kanta a ƙofar gida ba ta san ta taso ba. Shi kuma ya aiko cewa in an tsayar da rana a sanar da shi, don ubangidansa ba ya ba shi dama sau biyu.

To, mijinta da 'yan'uwansa sun ji ƙishin-ƙishin cewa samarin da ke nesa sun haɗa baki za su kai gorunansu gaban wani. Samarin ba su rasa dalili ba kuwa, don tafki a rufe yake amma ƙamshin soyayyen kifi bai daina fitowa daga gidan Sarkin Ruwa ba. Sai shi da 'yan'uwansa suka yi shawarar a ja lokaci, waɗanda suka zo su gaji da jira su koma. Da rana ta matso, mai shela ya zaga gari ya ce ruwa bai janye sosai ba. Da ya janye, aka ce an ga kada, kadan da ba wanda ya taɓa gani sai ƙanen Sarkin Ruwa. Da kada ya tsufa a bakin mutane, aka ce sai an yi sadaka tukuna. Samarin da suka riga suka iso suka cinye guzurinsu, suka cinye na iyayensu, suka kama hanya ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwa kuwa kullum tana aikawa kudu: kada ka taso, an ɗaga.

Sau ɗaya ta yi wa mijinta magana. Ta ce, “Malam, ruwan nan fa ba ya jiran shawararku.” Ya ce, “Ke dai yi haƙuri, a bari abubuwa su lafa.” Da yamma takan je bakin tafki ta tsaya. Ruwa ya sauka daga ƙugu zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa idon sawu. Kifi ya taru a ɗan kwatamin da ya rage yana haki, zalɓe da shirwa suka samu biki. Tana kallo wani zalɓe ya ɗaga tarwaɗa irin wadda ɗanta ke kawo mata, ya haɗiye. Ran nan ta yi kuka.

Da gari ya zama sai tsofaffi, aka sa rana. Aka taru a kan busasshen taɓo da ya tsattsage, ba wanda ya jiƙa ko ƙafa. Ba a kai gora gaban kowa ba, don gora sai ya sha ruwa ake ajiye shi, saboda haka Sarkin Ruwa ya zarce da sarautarsa. Ana cikin yi masa barka sai direban motar kasuwa ya kawo saƙon ɗan Sarkin Ruwa. Ɗan ya ce ya jira har damarsa ta wuce. Matar gidan da yake haya ta ga yana ta zancen miyar kifin uwarsa, ta riƙa dafa masa, yanzu har ya nemi 'yarta an ba shi, can zai zauna. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe. Ta shiga ɗaki ta mai da goran kan rataya, man da ta yi ta shafa masa ko bushewa bai gama yi ba.

To ka ji. Iyawa kam suna iyawa, kuma wani lokaci dabarar takan ci. Sai dai abin da suka tarar a ƙarshe ba shi ne abin da suka riƙe ranar dominsa ba: kifi ya tafi cikin tsuntsu, ɗa ya tafi tukunyar wata. Shi ya sa Hausawa suka ce, a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.