Kaji Masu Natsuwa

Likitan dabbobi ya saki kazar ƙarshe, ya karkaɗe hannuwansa.

"Baba, wa ya zaɓa maka su?"

"Ni da kaina," in ji tsohon akawun a gajiye. Tun da ofis ya sallame shi ya rungumi kiwo, kullum yana zuba dusa a akurki, bai taɓa tsintar ƙwai ba. "Na ɗauki manya, masu natsuwa."

"Natsuwar tsufa ce. Sun gama ƙwansu a gona, aka fitar da su."

Matarsa ta miƙo wuƙa. "To, Malam, ko romo ma samu."

Ya daɗe yana duban kajin, sannan ya jawo buhun dusa.

"Mayar da ita. A gidan nan ba a yanka 'yan fansho."