Igiya a Kan Farantin Sola

Kai da kake cewa yawan tattali ba ya ɓata abu, zauna ka ji labarin wani tsohon direba. Mutumin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babbar mota, kuma abin da aka san shi da shi a tasha shi ne ɗaurin kaya. In ya ja igiya ya ƙulle, ko motar ta kife sai dai a tarar da buhunan a jere, bakinsa kuwa ba ya gajiya da faɗin haka. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya ajiye tuƙi, ya sayi wata tsohuwar bas ya cire kujerun, ya kafa gado da ɗan firji, ta zama ɗaki mai tafiya. Ba don yawon shan iska ya yi ba. Matarsa ce ke fama da ciwon suga, kullum sai ta yi allura, allurar kuma ba ta jure zafi. Yayarta, wadda ta goye ta tun mutuwar uwarsu, tana kwance rai a hannun Allah a wani ƙauye mai nisa da ko sandar wuta babu. Matar ta daɗe tana son ta je ta yi jinyarta har abin da Allah ya yi, maganin da ke neman sanyi ya tsare ta a birni. Saboda haka ya kai motar wurin mai haɗa sola. Rufin bas ɗin a gantsare yake, don haka aka zaɓo faranti mai laushi, irin wanda ke lanƙwasa kamar tabarmar roba. Mai aikin ya wanke rufin tas, ya goge, ya zizara gam layi-layi yana barin 'yan hanyoyin iska a tsakani, ya shimfiɗa farantin, ya danne gefunansa da buhunan yashi har ya kama. Babu ƙusa, babu noti. Da zai sallame shi ya ce, "Baba, ya zauna ke nan. Kada a taka shi, kada a ɗora masa komai." Tsoho ya gyaɗa kai, amma zuciyarsa ba ta gyaɗa ba. A iliminsa na hanya, abin da ba a ɗaure ba bai ɗauru ba, gam kuwa na masu gyaran takalmi ne.

Suka kama hanya, firji na gurnaninsa a hankali, matar tana ta lissafa mutanen da za ta gani. Da kwalta ta ƙare suka faɗa hanyar burji mai gargada, sai hankalin tsoho ya koma saman mota. Kowane rami ya faɗa, gani yake farantin ya tashi sama ya bar su da firji mara wuta. Tsoro ne ya kama shi, tsoron mai ƙauna, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Ya tsaya a gefen hanya, ya jawo tsohuwar igiyarsa mai kauri daga ƙarƙashin gado, ya hau. Ya gicciya ta nan, ya gicciya ta can, ya kafa gwiwa a tsakiyar farantin ya ja da iyakar ƙarfinsa kamar yadda ya saba yi wa buhunan masara. Ya ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin gwiwarsa, ya ɗauka kwanon rufi ne ke motsi. Ya sauko yana kaɗe hannu, ransa fari ƙal, ya ce wa matar yanzu ne aka yi aiki. Bai san cewa a cikin laushin nan akwai 'yan ƙwayoyi siraran gaske da suka fi ɓawon ƙwai saurin fashewa ba, ya farfasa na tsakiya, igiyar kuma ta shimfiɗa inuwarta a kan sauran. Sun isa lafiya, 'yan'uwa suka rungume juna suna kuka, matar ta ɗaura zani ta shiga jinya. Batirin da farantin ke cikawa ya yi ta ciyar da firji daga abin da ya tara, rana na dukan rufi a banza, har wata azahar gurnanin ya ɗauke. Motar ƙarfe ce a tsakiyar bazara. Suka naɗe kwalaben maganin a jiƙaƙƙen tsumma, suka sa a gindin randa, amma zafi ya riga ya taɓa su. Matar tana yin allura, jiki na ƙara saki, ƙishirwa ba ta yankewa, ido na dishi-dishi. Tsoho ya hau rufi ya kwance igiyar, ya ga sawunta kwance a jikin farantin, gam kuwa ko gezau bai yi ba. Nan ya zauna cikin rana ya riƙe kai. Dole ya ɗauki matarsa ya juya da ita asibitin birni, yayar tana riƙe da gefen mayafinta har sai da aka ɓamɓare yatsunta. Matar ta farfaɗo a gadon asibiti, a nan kuma saƙon rasuwar yayarta ya same ta. Ba ta taɓa yi masa gori ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Ka ga, mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Abu ya riga ya zauna daidai, shi kuwa ya ga sai ya ƙara masa da abin da hannunsa ya iya. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.