Inda Muryar Inna Take Kwana

Ka tambaye ni, Malam Sidi, me ya sa muke wahalar da kanmu da 'yar na'urar nan ta kan rufin makaranta, alhali ga manyan shafukan duniya a kyauta. To, gyara zama ka ji.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, uwarsu gwana ce a waƙar daka. In ta ɗaga taɓarya, matan maƙwabta har girki suke bari su leƙo ta katanga. Da tsufa ya kama ta, sai suka ɗauki muryarta a wayar wan. Shi wan ya ɗora waƙoƙin a wani babban shafin intanet, kafin ka ce kwabo duniya ta ji, yabo ta ko'ina, bakinsa har kunne. Ƙanen kuwa Allah ya yi shi da tambayar tsiya, irin mutumin da ko ƙosai ya saya sai ya ji inda aka noma waken. Ya ce, "Yaya, wai a ina muryar Inna take kwana? A ɗakin wa? Wa ke riƙe da makullin?" Wan ya ce a sama take, ya ƙyale shi ya huta. Amsar ba ta gamsar da shi ba. Ya yi ta bin gari da tambaya har aka nuna masa wata na'urar ajiye bayanai da matasan garin suka haɗa da kansu suka ɗora a kan rufi, mai aiki da hasken rana, wadda wayoyin mutane ke kamawa iyakar cikin gari. Ya hau tsani ya taɓa ta da hannunsa. Ya san mai kula da ita, ya san gidan ubansa. Nan ya zuba waƙoƙin, wan yana dariya yana cewa sai dai awaki su saurara.

Kwanci tashi, tsohuwa ta rasu. Aka sace wayar wan a kasuwa, bai damu ba, ai komai yana sama. Sai matarsa ta haifi mace, ya ce sunan Inna zai sa mata, kuma ranar suna muryar kakarta za ta fara shiga kunnenta. Ana gobe suna ya buɗe shafin, ya tarar an rufe masa, babu waƙa ko ɗaya. Wai ya karya ƙa'ida. Wacce? Oho. Ya rubuta koke, na'ura ce ta amsa masa. Babu ƙofar da zai yi sallama, babu dattijon da zai tura ya ba da baki. Wallahi mutumin nan ya yi kuka kamar ranar ce aka fita da gawar.

Washegari ya je wa ƙanen nasa kai a ƙasa. Kada ka zaci na'urar tana jira a shirye, ita ma a mace suka same ta, tsuntsaye sun ɓata farantin rana. Amma ita ana iya hawa wurinta. Mai kula da ita ya zo da tsumma ya goge, suka zauna har rana ta ɗaga. Can sai ga muryar Inna ta fito daga wayar ƙanen, taɓarya na bugawa a bayanta, jaririya na hannun ubanta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.