Bakaniken da ke gyara da kunne

Ka ga wannan da nake faɗa maka kullum, a duba kafin a kwance? Ga misalinsa. An yi wani bakanike a bakin wata tasha, wanda ya ce shi mota ba ta ɓoye masa ciwonta. Wai sauran masu gyara sai sun buɗe bonet suna leƙe-leƙe kamar kaza a bola, shi kuwa kunnensa ya ishe shi. Tun mota na kan kwalta zai karkata kai, ya runtse ido, ya faɗi abin da ke damunta. In ya dace, ranar masu shayi sun shiga uku da labari. In bai dace ba, ya ce mai motar ne ya zo da ciwo biyu.

Wata safiya sai ga wani manomin fadama da tsohuwar a-kori-kura, ta sha kwandunan tumatir har tana tafiya a durƙushe. Rabin kayan nasa ne, rabi na maƙwabtansa da suka ba shi amana ya kai kasuwar birni. Wata uku suna ban ruwa kafin su ga wannan jan. Giya ce ta ƙi shiga, in ya tura sai ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya fara bayani, ya ce kuloci ya yi laushi a ƙafa, sai ya taka sau uku ko huɗu kafin ya kama, kuma in an kashe mota giya na shiga sumul. Bakanike ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Baba, kai da garma aka san ka. Tayar da ita in ji." Aka tayar, ya runtse ido, ya ce farantin kuloci ne ya cinye, sai an sauke giyabos, amma kafin azahar an gama. A daidai lokacin wata babbar mota da ba ta cika ba ta tsaya shan mai, direbanta ya ce a juye masa tumatirin ya wuce da shi. Bakanike ya ce wannan ai zagi ne, a gabansa za a juye kaya kamar motar ta mutu? Manomi ya ji nauyinsa, ya sallami babbar mota.

Azahar ta yi, giyabos na ƙasa. Da farantin ya fito, ko makaho ya shafa ya san da sauran rai a jikinsa, amma gogan naka ya yi maza ya tura shi ƙarƙashin benci, ya aika birni a sayo sabo. Wanda aka kawo bai yi daidai ba, aka mayar. Kwana ɗaya ya zama uku. Tumatir dai bai san ana jiran kayan gyara ba. Ran farko ya yi laushi, ran na biyu kwandunan ƙasa suka fara zubar da ruwa ta bayan mota, ran na uku ƙuda ya sanar da duk tasha. Ba direban da zai yarda ya ɗauka kuma. Manomi ya zauna a gindin taya, abinci ma sai an matsa masa. Ba asarar kansa ce ta fi cin sa ba, idon mutanen da zai koma ya kalla ne.

Da aka ɗaure komai, bakanike bai yi gwaji a ɓoye ba, don hali zanen dutse. Ya kira masu shayi, masu faci, 'yan kamasho, ya ce su zo su ga aiki. Ya shiga, ya tayar, ya taka kuloci, ya tura giya. Ƙarar nan ta ran farko ta amsa masa, ko ɗigo ba ta ragu ba. Ya sake, ta sake. A cikin taron akwai wani tsohon direba da ya ajiye tuƙi, wanda ya ji bayanin manomi tun ran farko amma aka hana shi baki. Ya tako ya buɗe bonet, wanda kwana uku ba wanda ya taɓa, ya cire murfin ɗan kofin man kuloci, ya tsoma yatsa, ya ɗaga wa jama'a. Yatsa a bushe ƙayau. Ya duƙa ya nuna inda man ya bi ta wata 'yar roba da ta tsage ya zube, ga sawunsa baƙi a jikin ƙarfe, daidai inda bakanike ya kwana uku yana kwance a ƙasa. Aka sa sabuwar roba, aka zuba mai, aka yi ta taka kuloci har iska ta fita. Kafin mai shayi ya wanke kofunansa giya ta shiga ba ko tari.

Ba wanda ya yi dariya. Manomi ya tashi, ya sauke kwando ɗaya, ya juye shi a bakin garejin, ruɓaɓɓen ruwa ya malala har kan takalmin bakanike. Sannan ya jawo tsohon farantin daga ƙarƙashin benci ya ɗora a kan tumatirin, inda kowa zai gani. Tsohon direba ya dubi bakanike ya ce, "Maigida, wannan kuma me kunnenka ya ce?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.