Ba Ƙaiƙayi Ba Ne, Baffa

"Ba zan rubuta ba, Oga."

Shugaban ɗakin gwajin dabbobi ya cire tabarau ya dube ta. Shekara uku tana aiki a ƙarƙashinsa, ba ta taɓa yi masa musu ba.

"Kalma ɗaya ce fa," ya ce. "Ki rubuta 'babu', ki sa hannu, in buga hatimi. Tumakin baffanki ne, ba na bare ba."

Ita ma ta san haka. Makon jiya aka kawo kan wata tunkiya da ta mutu a garken baffanta, don masu sayen tumakin kiwo sun ce ba su ɗaukar ko ɗaya sai da takardar lafiya. Ita ta yanki ƙwaƙwalwar siriri kamar ɓawon albasa, ta shimfiɗa a gilashi, ta ɗiga ruwan gwaji. A cikin ruwan akwai sinadaran garkuwar jiki da aka tanada don aiki ɗaya. Ba sa kama komai sai wani murɗaɗɗen furotin mai cinye ƙwaƙwalwar tunkiya a hankali, kuma duk inda suka kama shi sai wurin ya yi ja. Da ta leƙa madubin ƙara girma, sai ta ga ja ko'ina kamar an watsa barkono. Ta sake da sabon yanki. Jan bai canza ba.

Da azahar sai ga Baffa, Oga ya kira shi a waya. Ya zauna a bencin baranda yana toshe hanci saboda warin magani. Ta fito sanye da farar rigar aiki ta durƙusa ta gaishe shi.

"Likitar tumaki!" ya ce yana dariya. "An ce kin gano aljani a kan tunkiyata."

"Baffa, ba ƙaiƙayi ba ne."

"Shekara arba'in ina kiwo. Tunkiya ta yi sosa, a yi mata wankan magani, shi ke nan. Kina ina lokacin?"

"Wannan ba a fata yake ba, a kai yake, kuma ba shi da magani. In tunkiya ta haihu yana fita a mabiyiya, sauran su lasa, ƙasar garken ma ta riƙe shi shekaru."

Dariyar ta ɗauke. "Ji min yarinya! Ni za ki dubi tsabar idona ki yi wa zancen mabiyiya? Ina kunyarki ta tafi?"

Ta sunkuyar da kai, amma ba maganarsa ce ta sa ba. Bara da ta je gaisuwa ta ga wannan tunkiyar tana goga gadon bayanta a jikin turke har gashi ya zube, tana tauna iska, tana ɗaga ƙafa kamar mai taka wuta. Ta karanta alamun nan a makaranta, ta kuma gane su. Amma Baffa na zaune da abokansa yana yabon garkensa, sai ta ga bai dace 'ya ta gyara wa uba magana a gaban mutane ba. Ta yi shiru, aka yi ta yabon tarbiyyarta. A wannan watan na bara ne ya bai wa Gwaggo, ƙanwarsa da mijinta ya rasu, tumaki uku daga garken, ta haɗa da nata guda bakwai.

"Baffa, ka yi haƙuri," ta ce. "In na rubuta ƙarya, ciwon nan zai bi tumakinka gida-gida."

Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Da na sani, da ɗinki aka sa ki."

A ranar ta rubuta abin da ta gani, ta aika wa hukumar lafiyar dabbobi. Ma'aikata suka zo da mota, suka kwashe tumakin Baffa hamsin da ɗoriya, suka rufe garken. Suka bi sawun ukun nan har gidan Gwaggo, suka tafi da goman duka.

Da ƙafarta ta je gidan. Ta tarar da Gwaggo tana naɗe igiyoyin turke ɗaya bayan ɗaya, ga kwanon dusa a kife. Ta durƙusa ta faɗa mata komai, har na bara.

Gwaggo ba ta zage ta ba.

"Tun bara kika gani?"

"Eh, Gwaggo."

"To in shi kika ji nauyinsa, ni fa? Ai da kin ja ni bayan ɗaki kin raɗa min, 'yar nan. Da ban karɓa ba."

Ta rasa inda za ta sa fuskarta. Zagin dangi duka bai kai mata wannan ba.

Ba ta janye takardar ba, ko da aka yi taron gida a kanta. Oga ya mayar da ita ɗakin wanke kwalabe. Shekara biyu ke nan Baffa bai amsa gaisuwarta ba, da yake gida ɗaya yake da mahaifiyarta, in za ta gan ta sai ta tabbatar ba ya nan. Kullum da safe tana sa farar rigarta ta tafi aiki.

Mai karatu, in dabbarka ta canza, kai ta gwaji da wuri, kuma kada ka nemi a rubuta maka ƙarya. In kuma kai ne ka gane ciwo, faɗi a ranar, ko a gaban wa. Kunyar da ke sa a ɓoye cuta ba tarbiyya ba ce, wanda bai ji ba bai gani ba take cuta.