Randar A'i

A'i na tsinkar zogale a tsakar gida sai surukarta Tayyiba ta ce, "Inna, wai an ga Dogo da safen nan a hanyar kuka. Ga shi maigidana kuma ta can ya bi zuwa kasuwa, shi kaɗai, a ƙasa. Ko azumi bai ɗauka ba yau, wai cikinsa na yi masa zafi."

A'i ta saki faifan. Ko takalmi ba ta nema ba, ta fita da gudu.

Shekaru ke nan ana tsintar gawa ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Ba kowane mako ba, sai an fara mantawa. Wani a gefen hanyar Ɗanzomo, wani kusa da Gagarawa, wani dillalin awaki har ya kai bakin Gumel kafin ya kife daga kan babur. Babu sara, babu suka, kuma ba a taɓa kayan kowa ba. Mutane, da yake ba sa iya zama da tsoron da ba shi da suna, sai suka laƙaba wa Dogo, wani zabgegen mutum mai taɓin hankali da ke yawo a daji yana magana shi kaɗai. Wai kallonka kawai zai yi.

Ƙauyen su A'i na can ƙasar Sule Tankarkar, kuma babu wanda bai san kukar ba. A gindinta ciwo ya kayar da mijinta wata Alhamis da bazara. Ya yini a rana yana ɗaga hannu, 'yan kasuwa na wucewa, kowa na saurin kada ciniki ya tsere masa. Ba wanda ya tsaya. Da ta fita takaba sai ta kafa randa a wurin, da moɗar duma a kai, kullum bayan asuba ta cika ta. Har liman ya taɓa kawo ta misali a wa'azi. Yanzu kam kowa na tsayawa.

Ɗanta Zayyad, mijin Tayyiba, shi kaɗai ya rage mata. Ita ta ɗora shi kan azumin Litinin da Alhamis tun bai balaga ba, kuma ko sau ɗaya ba ta yarda ya sha Alhamis ba. Abokansa har tsokanarsa suke, wai Inna ta fi malamin allo tsanani.

Rairayi na ƙona mata tafin ƙafa, ƙaya na kama zanenta, ba ta ji ba. Ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba saboda kunya. Yau sai ga shi tana ƙwala masa kira da sunan, muryarta na fashewa. Tsoro irin wannan ba ta taɓa jinsa ba, ko ranar da aka kawo mata gawar mijinta.

Daga nesa ta hango shi zaune a inuwar kukar, yana fifita da hula. Can gaba kuwa 'yan sintiri ne, sun ɗaure Dogo tamau da igiya suna jan sa.

Zayyad ya miƙe yana dariya. "Haba Inna, wannan gudu haka? Kwantar da hankalinki, an kama shi, daga yau an huta." Ya share gumin da ke tsatstsafo masa a goshi, ya dafa kukar. "Allah ya ba ki lada. Yau dai na ɗanɗana ruwan sadakarki, ni na fara buɗe randar. Sai dai moɗar nan na son wanki, akwai ɗan ɗaci a bakinta."

A'i ta durƙushe a kan rairayi tana kallon leɓen ɗanta da ya fara yin baƙi, domin da hannunta ta shafe bakin moɗar da dafi bayan asuba, don wanda zai fara sha, kamar yadda ta yi wa sauran duka.